Gemun Merv da Igwar Kirsimeti

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a garinmu Wallabindi ya san Merv Tolhurst, don shi ya kafa tankin da ruwan ya fito, kuma in ka yi gangancin gaishe shi sai ya tsare ka a rana ya ba ka tarihin tankin. Merv na da wata takardar shaida da aka aiko masa ta gidan waya shekara talatin da suka wuce, bayan kwas na wata shida a kan famfo da matsin iska. Tana rataye a falonsa, daidai inda mutanen kirki ke rataye hoton aurensu. Tun ranar da ta iso, ba a sake jin "ban sani ba" a bakinsa ba.

Amma abin da ya fi takardar daraja a wurinsa shi ne gemunsa. Fari fat, shekara goma sha tara bai ga reza ba, ya sauko har maɓalli na huɗu. Saboda shi ne duk jajibirin Kirsimeti ake ɗora Merv a bayan motar kwana-kwana cikin jar riga, a zagaya gari da shi a matsayin Baban Kirsimeti yana watsa wa yara alewa. Gaskiyar magana babu wanda ya taɓa zaɓen Merv. Gemun aka zaɓa, shi kuma yana maƙale a jikinsa. Matarsa Glenda, wadda ke aske tumaki ɗari da hamsin a yini in ranta na mata daɗi, ta sha tsayawa a kansa yana barcin rana, tana yi wa gemun nan kallon da take yi wa tunkiyar da ta shekara biyu tana tsere wa aski.

Rigimar ta tashi ne mako biyu kafin Kirsimeti, a rumfar 'yan kwana-kwana, inda kwamitin biki ke zama. Zafi ya kai inda ƙudaje ma suka daina tashi, sai dai su taka da ƙafa. An gasa nama, an buɗe kwalabe masu sanyi. Ga Baba Clarrie, shugaban 'yan kwana-kwana kuma direban motar, mai shekara saba'in da tara. Ga Glenda. Ga kuma Malama Irini Petrakis, malamar kimiyya da aka turo mana daga birni bara, wadda har yanzu ba ta koyi cewa in Merv na magana gyaɗa kai ake yi ana tunanin wani abu dabam ba.

Merv ya shafa gemu ya ce, "Wannan zagayen da nake yi muku a awa biyu ai wasan yara ne. Mai asalin aikin, dare ɗaya yake gama duniya kaf. Jahili sai ya ce tatsuniya ce. Mu da muka karanci kimiyya mun san abu ne mai sauƙi."

Malama ta leƙa ƙofa, ta tabbata babu yaro kusa, sannan ta ce, "Merv, wace kimiyyar?"

"Malama, ke yarinya ce. Ina da takarda."

"Na gan ta. Ta famfo ce."

"To famfo mene ne in ba fiziks ɗin da ya jiƙe ba?"

Malama ta miƙe ta nufi allon da ake rubuta gargaɗin gobara, ta goge shi da gefen hannu. Ta ce, "Mu ce gida miliyan ɗari. Na yi maka rangwame, na cire duk waɗanda ba ruwansu da shi. Mu ce yana tafiya daga gabas zuwa yamma, duniya na juyawa tana ƙara masa dare, ya samu awa talatin da ɗaya. Raba mu gani." Ta rubuta, alli na kuka. "Kusan gida ɗari tara a sakan ɗaya."

Baba Clarrie ya ce, "Ni sakan ɗari tara nake yi kafin in sauko daga mota."

"A cikin wannan ɗigon lokacin zai tsaya, ya hau rufi, ya cusa tumbinsa ta bututun hayaƙi, ya ajiye kaya, ya ci abin da aka ajiye masa, ya fito."

Glenda ta ce, "A garin nan giya ake ajiye masa. Kwalba ɗari tara a sakan. Ko Merv bai kai nan ba."

"In tsakanin gida da gida kilomita ɗaya ne," Malama ta ci gaba, "gudunsa kilomita ɗari tara ne a sakan. Da wannan gudun iska kanta bango take zama. Cikin bareyin da ake cewa suna jan kekensa a sama, ta gaba za ta kama da wuta tun ba ta san an tashi ba, na bayanta su bi sahu bibbiyu. Shi kuwa mai jar riga, fizgar tashi da tsayawa kaɗai za ta shafe shi a jikin kujera kamar man shanu a burodi. Ban ma taɓo nauyin kayan ba."

Aka bushe da dariya. Merv ya jira aka gama, yana murmushin tausayi irin na likitan da ya ji mara lafiya na bayyana cutarsa.

"Kin gama? To wa ya ce miki tsayawa yake yi? Jifa yake yi, Malama. Jifa! Kuma ki fita ki duba garin nan, ki nuna mini bututun hayaƙi ɗaya. Babu. Wa zai hura wuta a ɗaki a wannan ƙasar? Amma kowace shekara yara na samun kaya. Ta ina? Ta magudanar ruwa. Duk rufin kwanon da ke garin nan an kafa shi ne don ya kai abin da ya faɗo kansa wuri ɗaya. Rufi ya karɓa, magudana ta tara, bututu ya sauke. Ni na kafa su, na sani. Ban da haka, na karanta cewa mai tsananin gudu lokaci jiransa yake yi."

"Wannan sai ka kusa gudun haske."

"Motar Clarrie in aka taka ta da kyau..."

"Motata ba ta taɓa wuce ashirin ba," in ji Baba Clarrie, "kuma ba a hannuna za ta fara iskanci ba."

Merv ya buga tebur. "A gwada mana! Gida arba'in ne masu yara a garin nan. Ranar jajibiri, minti biyar. Mota ba za ta tsaya ba, ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba, kyautar kowane gida za ta shiga safar da yara ke ratayewa don karɓar kyauta."

"Ko ka yi hakan, gida arba'in a minti biyar ba gida ɗari tara a sakan ba ne."

"Ragowar ai ninkawa ce kawai. Ke ce fa malamar."

"In ka kasa fa?"

Merv ya shiga waige-waige yana neman abin da zai sa. Glenda ba ta bari ya wahala ba. Ko kanta ba ta ɗago daga faranti ba ta ce, "Gemu."

Kowa ya juyo. Merv ya dafe gemunsa. Amma idanu na kansa, kuma bakinsa bai taɓa jiran shawarar kansa ba.

"Gemu! A aske shi a gaban kowa. In kuwa na yi, Malama za ta hau motar nan da ƙararrawa a hannu ta zagaya gari tana cewa ta tuba."

Suka tafa, Baba Clarrie ya raba. Glenda ta tashi tun ba a rufe taro ba. Maƙwabta sun ce har faɗuwar rana suna jin ta tana wasa bakin injin askinta, tana 'yar waƙa.

Kwana huɗu Merv ya yi a kulle a garejinsa, ya fito da abin da ya kira igwar kyauta. Bututun magudana ne mai tsawon mita biyu, an ɗaura shi a kan tsohuwar tukunyar gas, an haɗa da injin ba taya iska. Harsashin kuwa ƙwallaye ne da ya mulmula da tsofaffin jaridu da kunun fulawa, kowace kamar babban lemo. A cikin kowace ya zuba kayan da kwamiti ya saya wa yara: cakulan, alewa, ƙullin jan garin lemo, da dunƙulen sabulun nan da yara ke jefawa a ruwan wanka ya yi ta tafasa yana kumfa.

Ya gayyaci Malama ta ga gwaji. Ya saita igwa a kan rufin gidansa ya buɗe famfon iska. Bum! Ƙwallon ta tsallake rufin, ta ratsa igiyar shanyar maƙwabciyarsu Gwaggo Doolan, wata tsohuwa mai faɗa da na'urar ƙara ji a kowane kunne, ta yi gaba da babban kamfanta, ta rataye shi a saman injin iskan da ke jawo ruwan rijiya. Nan ya yi ta juyawa yana gaida gari.

"Mervin!" Gwaggo ta ƙwala daga baranda. "Uban wa ya ce ka kafa mini tuta?"

"Kimiyya ce, Gwaggo!"

"Ka gaya wa Kimiyyar ta hau ta sauko mini da shi, in ba haka ba ni da uwarta ne!"

Ya rage iska. Ƙwallo ta biyu ta leƙo daga bakin bututu, ta yi tunani, ta faɗo masa a babban yatsa. Ta uku kuwa, Allah da ikonsa, ta sauka a kan kwano, ta gangara, ta bi magudana, ta sauko ta bututun da ya cire daga bakin tanki, ta faɗa tsulum cikin jar safar da ya ɗaura.

Merv ya ɗaga hannu sama. "An gama! Malama, fara koyon kaɗa ƙararrawa."

"Ɗaya cikin uku ke nan."

"Biyun farko iska ce ta yi kuskure."

"Bari in taimake ka da abu ɗaya, Merv, don ina tausayin Glenda in ta zama gwauruwa. Duk abin da ka tura gaba, shi ma zai tura ka baya daidai ƙarfin da ka sa. Ka ɗaure igwar nan a jikin mota."

Ya daki tumbinsa. "Kilo ɗari da goma. Bari ƙwallon jarida ta gwada."

Ana saura kwana biyu ya bi gidaje arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yana zare bututu daga bakin tanki yana ɗaura masa jar safa. Babu wanda ya hana shi. Wata goma sha ɗaya ba a ga ɗigon ruwa ba, bututun ba shi da aikin yi sai ajiye gizo-gizo. Ɗan ruwan da ya rage a gindin tankuna shi ake lallaɓawa, a sha, a dafa shayi, a yi wanka da kofi uku.

To sai ga shi da safiyar jajibiri rediyo ya ce mai yiwuwa a samu hadari da yamma.

Kun san mutanenmu. Kalmar hadari na fita, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zagaya bayan gida, ya cire safar Merv ya mayar da bututu bakin tanki. Kowa na ganin gidansa ne kaɗai, gida ɗaya ba zai ɓata lissafi ba, kuma wa zai bar ruwan sama ya zube cikin safa? Gida arba'in, bututu arba'in. Har Glenda ta mayar da nasu. Babu wanda ya gaya wa Merv, don tun asuba yana gaban madubi yana shafa wa gemu mai.

Ƙarfe huɗu na yamma gari ya taru a filin da ke gaban rumfa. Zafi ya kai digiri arba'in da huɗu. Merv ya fito cikin jar riga mai kauri, da hula, da takalman roba har gwiwa, gumi na tsiyaya daga ƙarshen gemu kamar famfon da ya gyara. Aka tura shi ya hau bayan mota. Malama ta zauna a kan akwatin tiyo da agogo a hannu. Baba Clarrie ya gyara madubi, ya ɗaura bel, ya sake gyara madubi.

"Tafi!" in ji Malama, ta danna agogo.

Motar ta tashi kamar mai ciwon baya.

"Clarrie, taka ta!" Merv ya daki rufin mota.

"Tana take, mutumina."

"Kaza ce ta wuce mu yanzun nan!"

"Sauri take yi. Ni ba na yi."

Gidan farko. Bum! Ƙwallo ta sauka a kwano, ta gangara, ta ɓace a magudana. Can sai aka ji wani sauti daga nesa, mai zurfi, gulum.

"Kin ji?" Merv ya waiwayo yana washe baki. "Safa ta karɓa."

Malama ta karkata kai. "Merv, safa ba ta cewa gulum."

"Safar kirki ce."

Gida na biyu, gulum. Na uku, gulum. Na huɗu ƙwallon ta fashe a kan kwanon da ya yini yana shan rana, cakulan ya narke nan take ya gangaro ta bango, mai gidan ya tsaya yana kallo yana tambayar matarsa wace irin dabba ce ta hau musu rufi. Na biyar ta faɗa tsakiyar garken fararen aku da ke hutawa a kan waya. Suka tashi da ihu, suka ga alewa na zuba, suka gane daga ina take fitowa. Daga nan motar ta samu 'yan rakiya. Ɗaya ya sauka a hular Merv, wani ya kama gefen gemu yana ja, yana zaton auduga ce ta sheƙa.

"Kai! Sake ni, ɗan banza! Malama, kore su mana!"

"Hannuna na kan agogo. Minti uku."

Cikin kokawa da aku Merv ya buɗe iska bai saita ba. Ƙwallon ta shiga ta tagar kicin ɗin Gwaggo Doolan, ta nutse a tsakiyar kek ɗin ƙwai da kirim da ta yini tana yi wa jikokinta. Ba a daɗe ba sai ga Gwaggo ta fito a kan kekenta na tsofaffi mai batir, kirim har gira, tsintsiyar share gida a hannu. Ta biyo motar kwana-kwana. Ta cim mata. Ta jera da ita tana zabga wa Merv tsintsiya a ƙwauri.

"Wancan makon kamfai, yau kek! Me na yi maka, Mervin? Na san ka tun kana yawo ba wando, kuma a lokacin ka fi hankali!"

"Gwaggo, yara na kallo! Ni Baban Kirsimeti ne!"

"Baban ubanka!"

Da ta gaji, sai ta ƙara wuta ta wuce motar, ta yi wa Baba Clarrie hon ya ba ta hanya. Ya kuwa ba ta, har da ɗaga hula.

A gida na goma sha ɗaya Malama ta ɗaga agogo. "Minti biyar sun cika."

"Ba su cika ba. Agogonki ne ke gudu don motar ba ta gudu. Da Clarrie ya taka, da yanzu muna minti na ɗaya."

"Ba haka abin yake ba."

"Ki bar shi yana tafiya, za mu cire bambancin daga baya."

Ya murɗa injin iska, ya fara cusa ƙwallaye uku-uku, yana harbi ta saman layi don ya samu gidajen baya ba tare da an zagaya ba. Wasu suka samu rufi. Wata ta kaɗa ƙararrawar coci, har limamin ya leƙo yana duba agogonsa. Kowane harbi igwar na tura Merv baya taku ɗaya, shi kuma yana dawowa yana cewa santsin takalmi ne.

Ana cikin haka sama ta yi baƙi, iska ta juya, wani ƙamshi ya taso wanda yaran garin 'yan ƙasa da shekara ɗaya ba su taɓa ji ba. Ɗigo ya faɗo a hancin Malama. Sai ruwa ya ɓarke kamar an fasa dam.

Gari ya haukace. Mutane suka fito titi suna tsalle, manyan maza na kuka, wani ya rungume karensa, wata ta durƙusa a taɓo tana dariya. An manta da Baban Kirsimeti, an manta da igwa. Kowa na jin kiɗan da ya fi kowane kiɗa daɗi a Wallabindi, ruwa na dukan kwano yana gangarawa tanki. Kuma ruwan bai bar komai a baya ba. Ya wanke cakulan, ya kwashi garin lemo, ya tura duk ƙwallon da ta maƙale a magudana, ya kai su inda aka kafa rufin don ya kai.

Mai sayar da nama ne ya fara gani. Ya ruga kicin da kofi don ya ɗanɗana sabon ruwa, ya buɗe famfo, sai ga wani abu ja-ja mai ƙamshin fure yana fitowa yana tsuwa. Ya leƙa bayan gida. Kumfa na ɓulɓulowa daga bakin tankinsa, ruwan hoda, tana hawa tana zubowa. Ya duba na maƙwabci, haka. Na gaba, haka. Layi guda tankuna sun yi rawanin kumfa, iska na yagar ta tana watsawa a titi.

"Merv!" ya ƙwala. "Me ka zuba mana a ruwa?"

Merv ya dubi tankunan, ya dubi bututun da ke zaune daram a bakinsu. "Ina safata? Wa ya cire mini safa?"

"An ce za a yi ruwa!"

"Ni ma an ce za a yi ruwa!" in ji wata daga tsallake.

"To ku duka?"

"Da me kake so mu tara ruwan shekara, da safa?"

Motar ta kammala zagaye ta nufo fili, rabin gari na biye da ita a ƙafa, kuma ba gudu suke yi ba. Yara kaɗai ke murna, suna birgima a kumfa suna tsintar alewa a taɓo. Malama ta share ruwa daga fuskar agogo. Merv ya leƙa buhu, saura ƙwallo goma sha tara. Ya hangi Glenda tsaye a ƙarƙashin rumfa, ta shimfiɗa katakon aski, janareta na aiki. Ya kama gemunsa da hannu biyu.

"Ban kasa ba tukuna. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Harbi ɗaya, gida goma sha tara."

"Merv, kada ka yi."

Ya ɗura su duka a bututu, ya danna da sandar tsintsiyar da Gwaggo ta bari. Ya murɗa injin har allurar awon iska ta wuce ja ta kwanta. Bayan motar ya jiƙe, sabulu ya bi ko'ina. Ya rungume igwa, ya buɗe ƙafa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku buɗe ido ku ga kimiyya!"

Sun kuwa gani. Ƙwallayen, da yake sun sha ruwa sun zama kunu, suka fito a dunƙule suka yi taku goma suka zube a kan gilashin motar ɗan sanda. Merv da igwarsa suka yi baya. Ya bar motar a zaune, ƙafafu a sama, gemu na kaɗawa, ya tsallake teburin nama, ya tsallake shingen tumakin da aka kawo don wasan yara, ya sauka a kwamin ruwansu da wata ƙara da aka ce an ji ta har gari na gaba. Takalmansa biyu suka rage a bayan mota, a tsaye, a jere.

Malama ta danna agogo. "Minti arba'in da bakwai. Gida arba'in, safa babu ko ɗaya. Amma in faɗi gaskiya, Merv, cikin duk abin da igwar nan ta harba yau, kai ka fi yin nisa."

Baba Clarrie ya ja birki, ya sauko a hankali, ya zagayo baya. "An fara ne?"

Maza huɗu suka tsamo Merv suka kai shi rumfa yana ɗiga. Ya fara bayani tun a hanya, wai ƙafarsa ba ƙasa ta taɓa ba, ruwa ta taɓa, a duba sharaɗi. Babu wanda ya saurare shi. Mai nama na riƙe da kofin jan ruwansa, Gwaggo Doolan ta faka kekenta a sahun gaba.

"Glenda, masoyiyata," ya ce da ƙaramar murya, "shekara talatin da biyu muna tare."

"Goma sha tara daga ciki ina tsintar gashi a miya. Zauna, maigida."

Ba ta ba shi kujera ba. Ta kama shi yadda ta saba, ta juya shi ya zauna a kan katako, bayansa a jikin gwiwoyinta, ta ɗaga haɓarsa da hannun hagu. Inji ya yi kuka. Malama, don sabo, ta danna agogo. Sakan goma sha ɗaya. Gemun ya faɗo gaba ɗayansa a haɗe kamar bargo, Glenda ta ɗaga shi ta karkaɗe ta shimfiɗa a tebur, jama'a suka yi tafi.

Sai tafin ya mutu. Kowa ya zuba wa Merv ido. Ashe duk shekarun nan babu komai a ƙarƙashi. Daga leɓen ƙasa sai wuya, fari sol kamar cikin kifi.

"Ina haɓar?" in ji mai nama. "Glenda, ko kin haɗa da ita?"

"Haka na same shi," in ji Glenda.

Gwaggo Doolan ta gyara tabarau. "Yanzu na tuna dalilin da uwarsa ba ta fita da shi kasuwa."

Merv ya miƙe a hankali. Ya kai hannu inda ya saba shafawa, hannun ya wuce bai samu komai ba. Iskar bayan ruwa ta bugi fatar da ta shekara goma sha tara a ɓoye. Ya tsaya cak. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Sai idanunsa suka yi haske, waɗanda suka san shi suka fara ja da baya.

"Na gano! Malama, na gano kuskuren! Lissafina daidai yake. Gemun ne! Ke da bakinki kika ce iska bango take zama. To gemu mai faɗin nan a bayan mota, ai shi ya yi ta tare iska yana riƙe mu. Shi ya sa Clarrie ya kasa gudu. Yanzu da babu shi, a ba ni minti biyar a gani!"

Malama ta buɗe baki za ta yi magana, Glenda ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya, Malama, ina son in fahimta. Maigida, kana nufin gashi ne ke tare iska?"

"Ƙwarai! Kin ga, ko ke da ba ki yi makaranta mai zurfi ba kin gane."

"Kowane irin gashi?"

"Kowane iri. Dokar kimiyya ce, ba ta da zaɓe."

Glenda ta dubi sumar kansa, ta dubi girarsa masu kama da buroshi, ta gangaro da ido kan gashin ƙirjin da ke leƙowa ta wuyan jar riga. Ta sa ƙafa ta taɗe shi, ya koma tsakanin gwiwoyinta.

"Malama," ta ce, tana kunna inji, "danna agogon."